Wutar Zoben Hamdiyya

Kaoje, ranar kasuwa, tsakiyar damina

Daga Alhaji Ɗanmusa, babban gidan Bakin Fadama, zuwa ga Zainulabideen ɗan Mariyamu, mai gyaran duwatsun ado a Badun.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka Olufemi da iyalinsa. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata da ke tashi duk sanda hadari ya haɗo. Shinkafa ta yi kore shar, kogi ya fara cikowa. Na ga uwarka a wurin suna, har ƙiba ta ƙara.

Idona ya yi rauni, don haka ni ke faɗa, Bunyaminu ke rubutawa. Ka san shi, ƙanen Hamdiyya, yaro mai natsuwa wanda duk Kaoje babu kamarsa wajen ladabi.

To ga abin da ya sa na zaunar da shi. Labari ya iso ni cewa wani zobe ya shigo gidana ta hannun Dapo direban motar kifi. Bai biyo ta zaure ba, ya zarce ɗakin Hamdiyya, ɗiyar ƙanena, wadda ni ke riƙonta tun rasuwar ubanta. An ce ranar da ya zo dutsen kansa ja yake kamar garwashi, in an juya shi sai kore da shuɗi su riƙa gudu a ciki. Matan unguwa har layi suka yi don kallo.

Yau fa? Yau in ka ga dutsen sai ka rantse gutsuren kwalba ne aka tsinto a bola. Jan ya kwashe, walƙiyar ta mutu, kana ganin azurfar ƙarƙashinsa tas. Matata Khadijatu ta jiƙa shi cikin ruwan sabulu ko zai farfaɗo, sai ma ya ƙara mutuwa. Ta ce ɗaya cikin biyu: ko kwalba ka rina ka aiko mana, ko kuma zuciyar mai aikowa ce ta huce, dutsen ya tona. Hamdiyya ta cire shi ta ƙulle a bakin zane, tun daga nan tuwonta kullum da saura. Yanzu Khadijatu na jiran a kawo mata sabon man kaɗe daga kasuwar Segbana, ta ce za ta mulke shi kamar yadda take mulke ƙwarya, ya yi sheƙi.

Tambayoyina uku. Wane irin dutse ne wanga? Me ya kashe shi? Kuma me kake nufi da ɗiyata?

Kada ka kira ni a waya. Magana irin wagga ba ta waya ba ce, in ka kira zan ɗauka raini ne. Ka rubuto, ka ba Dapo, shi kuma ya damƙa wa Bunyaminu hannu da hannu, kada ya ba kowa. In da hali ka haɗo wa yaron da takalmi sau-ciki, ƙafarsa ta kai taka yanzu.

Wassalam. Kawunka, Alhaji Ɗanmusa.

*

Badun, ranar da Dapo ya iso

Zuwa ga Kawu Alhaji, Allah ya ƙara girma.

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ka, na gai da Inna Khadijatu da dukan gida. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ni lafiya nake, sai dai takardarka ta tayar mini da hankali.

Kafin komai, Kawu, don Allah kada man kaɗe ya taɓa dutsen nan. Ko man gyaɗa, ko turare, ko lalle. Na yi ta neman wayar Bunyaminu don in faɗa da baki, layin ƙasar Benin ya kama ta, ba ta shiga. Hamdiyya kuwa ta daina ɗauka.

Ba kwalba ba ne. Sunansa ofal, kuma wannan irin nasa mu a kasuwa muna ce masa mai wuta, saboda launin jikinsa. Launin hawa-hawa ne. Akwai rawaya mai haske kamar man shanun da aka narkar. Akwai mai ruwan zuma. Akwai wanda ya yi kamar goron da aka gatsa aka ajiye, akwai mai kalar manja, har a kai ga ja sosai irin na zoɓo, wanda shi ya fi wuyar samu kuma masu saye suka fi rububi. Oga Olufemi ya ce ɗan sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasar da dutsen ya kwanta ne ke ba shi wannan launi. Walƙiyar kore da shuɗi kuwa wani abu ne daban, ba kowane ke da ita ba. Da yawa jan kawai gare su, su tsaya a nan, kuma ba su zama na jabu don haka ba. Mai ja da walƙiya tare, kamar wuyan tantabara a rana, shi ne na Hamdiyya. Launinsa tsakanin manja da zoɓo yake.

Wurare biyu aka fi kawo mana shi. Na Meksiko yawanci bai cika damuwa da ruwa ba. Na Habasha kuwa, irin wanda na aiko, mashayin ruwa ne kamar sabuwar randa. Da ya sha, sai ya yi garau, launinsa ya kwanta. Na san Hamdiyya: alwala sau biyar, ga hannunta kullum cikin ruwan jiƙa shinkafar da take turarawa. Ya sha ya ƙoshi, Inna kuma ta ƙara masa. Laifina ne, Kawu. Ɗoki ya sa na manta ban ce ta riƙa cirewa ba.

Ruwa yana fita, wutar ta dawo. Mai ne in ya shiga ba ya fita, sai dutsen ya dushe har abada. Abin yi kawai, a goge shi da tsumma mai tsabta, a sa shi cikin busasshen kofi a buɗe, a ɗaki mai iska. Kada a shanya shi a rana kamar shinkafa, kada a kai shi kusa da murhu, tsagewa zai yi. Zai fara yin fari-fari kamar nono, kada a tsorata, hanyar dawowa ke nan. Da yake damina ce zai ɗan ja lokaci. In kana son shaida, a ɗan jiƙa yatsa a taɓa shi bayan ya fara bushewa, za a ji yana kama fata. Kwalba ba ta yin haka.

Ban saye shi a shago ba. Ɗanye Oga ya ba ni ranar da na fara yanka dutse ban ɓata ba, ni na zauna na goge shi da hannuna, duk sanda aiki ya yi sauƙi.

Tambaya ta uku kuwa, Kawu, alƙalami ya yi mini nauyi. Ka yi mini afuwa da na bi ta bayan zaure. Zuciyata ba ta huce ba.

Ga takalmin Bunyaminu. Na yi mamaki da ka ce ya natsu, Allah ya ɗore.

Ɗanka, Zainulabideen.

*

Badun, ƙarshen watan Agusta

Kawu, Allah ya ja zamaninka.

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida da gwiwa. Dapo ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannunsa babu komai. Ya ce hanya ta lalace, iyakarsa Bagudo yanzu, a can yake barin saƙon Kaoje wurin wani mai shago. Ban sani ba ko takardata ta iso kafin man kaɗen.

Sau ɗaya wayar Bunyaminu ta shiga. Abin da na ji kawai shi ne, “Baffa ya ɗaure fuska, ko ƙuda ba ya tunkararsa,” sai layin ya yanke. Tun daga nan na gane shirun nan fushi ne, kuma na san dalili. Ka yi mini tambaya uku, na amsa biyu, na laɓe a ta uku.

Jiya na ɓata wa Oga wani dutse mai ruwan zuma, na goge gefe guda fiye da kima. Matarsa Dupe ta dube ni ta ce, “Zainu, ko ka je ka auri yarinyar nan, ko ka bar mana duwatsunmu su huta.”

To ga amsar, Kawu. Aurenta nake so. Tun damina uku da suka wuce nake so, tsoronka ya hana ni buɗe baki. Na kira uwata na faɗa mata komai, ta yi mini faɗa ta gaji, sannan ta je ta sami Baba Haliru, yayan ubana. Ya ce da zarar hanya ta buɗe zai ɗauki goro da mutum biyu su zo zaurenka, su ba da haƙuri kan zoben, su yi godiya kan takardarka, su nemi iri.

In dutsen ya riga ya sha mai, ba komai, zan goge mata wani. Ita dai nake roƙo kada ta huce.

Ɗanka, Zainulabideen.

*

Kaoje, bayan ruwa ya fara janyewa

Zuwa ga Zainulabideen.

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ruwa ya ci hanya, ya ci gonakin bakin kogi, amma tamu ta tudu ta tsira, alhamdu lillahi. Takardunka biyu tare suka iso cikin kwalekwale, ɗaya ta jiƙe a gefe. Ba fushi ba ne, ambaliya ce. Kai ma da saurin tsorata kake kamar zabuwa.

Ambaliyar da ta tsare takardarka ita ta tsare man kaɗen. A kwalekwale ɗaya suka zo. Khadijatu har ta lakato a yatsa, ta ce Hamdiyya ta kwance bakin zane, sai ga Bunyaminu ya faɗo tsakar gida da gudu cikin sabon takalmi, ya fizge zoben. Ya sha muciya a baya, bai saki ba. Jarumin yaro. Irinsa ake saya wa agogo.

An sa shi a kofi kamar yadda ka ce. Ya yi fari kamar nono, Khadijatu ta ce to ga shi nan ya mutu har ya yi furfura. Gwajin yatsa kuwa, Bunyaminu ya ce yatsa ba ya gaskiya, ya ɗora a harshe. Ya kama shi ɗam kamar kaska. Da ya karanta wa Hamdiyya inda ka ce da hannunka ka goge, sai ta ce shi ya sani, ita me ya dame ta. Amma kofin yanzu a kan tagarta yake, kuma in ta wuce sai ta leƙa. Shekaranjiya gefe guda ya fara yin ruwan goro.

Yanzu babbar magana. Zancen turo Haliru, ka dakata. Kada ka yi gaggawa. Wa ya ce ka turo Haliru? Ni tambaya na yi, ban ce a tara mini jama'a ba. Hanya duk taɓo, mutum ya tsufa, ya zame ya karye a ce ni ne. Ka bari sai an yi girbi. Ko bayan girbi ma a duba. In kuwa ya ƙi ji ya taho, ka gargaɗe shi kada ya ambaci takarda a gabana. Ni mutum ne da ba na son a yi mini godiya kan abin da na rubuta. Ko ya ambata zan yi kamar ban san zancen ba, haka halina yake.

Ka amsa da wuri. Da wuri fa.

Kawunka, Alhaji Ɗanmusa.

*

Badun, ranar Laraba

Kawu, Allah ya saka da alheri.

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka a tsaye a tasha, na yi hamdala har Dapo ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini. Dutse ya tsira, kuma kofin na kan tagarta. Wannan ya ishe ni.

Kawaicinka ya ƙara mini kunya. Kana tausayin ƙafar Baba Haliru, ba ka son godiya. Na kira shi na karanta masa, ya yi dariya ya ce, “Ɗanmusa ke nan, tun muna yara haka yake.” Ya ce taɓo bai taɓa hana shi zuwa neman alheri ba, goro ya riga ya saya, jibi bayan sallar Juma'a suna zaurenka. Ya kuma ce in kawo masa takardun naka in na zo, zai ajiye, don bai taɓa sanin kana da barkwanci haka ba.

A ce wa Hamdiyya in ruwan goron ya game dutsen, jan na biye, walƙiyar ce ke zuwa ƙarshe. Ga agogon Bunyaminu, na muciyar da ya sha.

Ɗanka, Zainulabideen.

*

Kaoje, Asabar da hantsi

Zuwa ga Zainulabideen, angon gobe.

Assalamu alaikum. Gida lafiya, gwiwa da sauƙi, shinkafar tudu ta fara fitar da kai. Albishirinka. Baba Haliru ya zo da mutanensa, an karɓi goro, an yi fatiha. An ba ka Hamdiyya, biki bayan girbi. Ka zauna ka sha ruwa kafin ka ci gaba, don sauran maganar ba a tsaye ake karanta ta ba.

Ga yadda aka yi. Bayan an gaisa, Baba Haliru ya gyara zama ya ce, “Alhaji, mun zo ba da haƙuri kan zoben da ya shigo ba sallama, mun kuma gode da takardun da ka rubuta wa yaronmu.”

Baffa ya ce, “Wane zobe? Waɗanne takardu?”

Baba Haliru ya ƙyalƙyale da dariya, ya dafa na kusa da shi ya ce, “Kun ji ko? Ai ya faɗa zai yi haka!”

Baffa bai yi dariya ba. Ya dubi baƙi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo a hankali ya dubi mai zuba musu shayi. Ya dubi takalmin ƙafarsa. Ya dubi agogon hannunsa. Mai shayin nan kuwa ni ne.

Ya ce, “Kai. Je ka ce Hamdiyya ta ba da abin da ake magana.”

Zainu, wannan tafiya daga zaure zuwa ɗakinta ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Ba bulala na tsorata ba, na saba. Tsorona kada Baffa ya ce an raina gidansa, ya mayar da goro, in zama ni na kashe muku abin da kuka yi damina uku kuna rainonsa a ɓoye. Hamdiyya ta miƙo mini kofin, ta ce, “In ka ɓata wannan, Bunyaminu, ni da kai har lahira.”

Baffa ya juye zoben a tafinsa, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Jan ya dawo duka, tsakanin manja da zoɓo kamar yadda ka faɗa. Da ya karkata shi sai kore ya gilma, shuɗi ya bi bayansa. Ya ce mene ne wannan, na zayyana masa duk abin da ka rubuto, tun daga mai kalar man shanu har zuwa na Habasha mashayin ruwa, da yadda man kaɗe ya kusa gamawa da shi. Ya ce, “Shi yaron ya goge da hannunsa?” Na ce shi. Ya ce, “A cikin takardun nawa, me na tambaye shi?” Na faɗa masa guda ukun. Ya ce, “Ta ukun, ya amsa?” Na ce ya amsa, ga amsar nan zaune sun kawo goro.

Ya daɗe yana juya zoben. Can ya ce wa Baba Haliru, “To, tun da an ce ni na yi tambayar, kuma tambayar ta yi kyau, ba zan tsaya musu ba. Da ni na rubuta da kaina ma ita zan yi. Sai dai ban san ina son takalmi sau-ciki ba.”

Hukuncina biyu. Na farko, daga yau har ranar biki ni ke jiƙa shinkafar Hamdiyya, ni ke tsamewa, don kada zoben ya sake shan ruwa. Ita tana zaune a inuwa tana nuna mini inda ban wanke ba, da yatsan da ke da zoben take nunawa. Lokacin alwala ta cire ta sa a kofi. Inna Khadijatu kuwa yanzu cewa take ita dama tun farko ta san dutsen na kirki ne.

Na biyu shi ne wagga takarda. Baffa na zaune kusa da ni, sandarsa a kan cinya, idonsa kuma garau yake, ko allura ya ga dama zai zura wa zare. Ya ce in rubuta da sunana, in karanta masa da ƙarfi kafin a ba Dapo.

To ka ji. Hannun nawa ne, wannan ka sani. Bakin ma nawa ne. Baffa bai san da zobe ba, bai san da takarda ba, sai jiya. Na ga yayata ta daina cin tuwo, ta ƙi tambayarka, kai kuma na san in da sunana na rubuto cewa za ka yi tsiyar taubashi ce, ka ninke ka sa a aljihu. Shi ya sa na ari rawanin Baffa. Na so in razana ka kaɗan in ji maganin dutse, ban san har aure zan razano ba.

Kai ɗan mace ne, ni ɗan namiji, wasa tsakaninmu halal ne tun kakanni, don haka ba ka da wurin kai ƙara. Takalmi ya riga ya taka taɓo, ba ya mayaruwa. Agogo kuwa Baffa ya karɓe, ya ɗaura, ya ce ai shi aka rubuta ya roƙa.

Ni ne dai, yaro mai natsuwa wanda duk Kaoje babu kamarsa,
Bunyaminu, ƙanen matarka.